Tab Ya San Inda Yatsa Zai Sauka, Kunne Ne Ya San Yaushe

Cikin duk kayan kiɗan duniya babu wanda ya kai jita saurin shiga gidan Bahaushe mazaunin ƙasar waje. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuri, kuma a nan Kuala Lumpur ana samun ta hannu da araha, musamman irin tsohuwar Kapok ɗin nan ta ƙasar Sin wadda samarin Malesiya suka tashi da ita tun zamanin iyayensu. Yaro zai je gidan abokinsa a Gombak ko Serdang ya tarar ana kaɗawa, ko ku bi ta gaban Sogo a titin Tuanku Abdul Rahman da daddare ya ga jama'a ta yi wa makaɗan bakin titi zobe, washegari sai a fara "Mama, a saya mini." In an saya kuwa, malamin farko da zai samu wayarsa ce, da wani rubutu na layuka da lambobi da ake kira tab.

Wannan rubutun nake so mu ɗora a sikeli, mu iyaye, tun da shi ne yake tarbiyyar hannun 'ya'yanmu da kunnensu muna ɗaki ɗaya da su. Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne. Tab abu ne mai amfani ƙwarai, ya sauƙaƙa abin da a da sai mai kuɗin malami yake samu. Sai dai rabin kiɗa yake ɗauke da shi, kuma rabin da ya bari a baya shi ne wanda kiɗanmu na gida ya rataya a kai.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, tab taswirar wuyan jita ce kawai. Layi shida ne a kwance, kowane layi tsirkiya ɗaya. Na sama shi ne tsirkiya mafi siranta, na ƙasa mafi kauri. Wuyan jita an gindaya masa ƙananan ƙarafa da suka raba shi gurbi-gurbi. To lambar da aka rubuta a kan layi ita ce gurbin da za ka danna. In ka ga 3 a layin sama, ka danna siririyar tsirkiya a gurbi na uku ka kaɗa. In ka ga 0, ka kaɗa ta a sake. Lambobin da aka jera ɗaya bisa ɗaya tare ake kaɗa su. Akwai 'yan haruffa da ke nuna dabarun hannu: h na nufin ka buga yatsa a kan tsirkiya ba tare da ka sake kaɗawa ba, p ka fizge yatsa, b ka tura tsirkiyar gefe sautin ya hau, karkataccen layi kuma ka zame daga gurbi zuwa gurbi. Shi ke nan. Yaro ɗan shekara goma zai gane wannan kafin a sauke tukunya.

Abin ba sabo ba ne. A 1507 wani maɗabbaci a birnin Venis na Italiya, Ottaviano Petrucci, ya buga littafin kiɗan Francesco Spinacino na wata garayar Turai mai suna lut, kuma da layuka da lambobi aka rubuta shi. Ita kanta kalmar lut daga al'ud na Larabawa ta fito. A 1536 Luis Milán ya buga nasa a Balensiya ta ƙasar Sifen, da tsarin da ya yi kama da na yau, siririyar tsirkiya a sama. Abin lura a waɗannan tsofaffin littattafai shi ne suna da wasu 'yan alamomi kamar tutoci a saman layukan, masu nuna tsawon kowane sauti. Wato magabatan tab sun san lokaci wajibi ne.

Zuwan intanet ne ya yar da tutocin. Masu jita suka fara rubuta tab da haruffan kwamfuta zalla, ɗan jan layi da lamba, saboda shi ne abin da ake iya turawa cikin sauƙi. A 1992 aka kafa rumbun OLGA inda jama'a ke zuba irin waɗannan rubuce-rubuce kyauta, har kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙi suka sa aka rufe shi a 2006. Ultimate Guitar, wanda yaranmu suka fi buɗewa yanzu, wani ɗalibi ne ya fara shi a Rasha a 1998. Mafi yawan abin da ke cikinsa talakawan masu jita ne suka saurari waƙa suka rubuta abin da suka ji, shi ya sa za ka ga waƙa ɗaya da rubutu biyar ko shida, kowanne da taurarin da masu karatu suka ba shi.

Mu ba tab haƙƙinsa tukuna. Rubutun kiɗa na makaranta, mai ɗigo-ɗigo a kan layi biyar, yana gaya maka sautin da ake so ne, ya bar ka ka nemo inda yake. A jita kuwa sauti ɗaya yana iya zama a wuri huɗu ko biyar a tsirkiyoyi daban-daban, sai ɗan koyo ya rasa wanda zai kama. Tab ya raba wannan gardamar, ya nuna wuri kai tsaye. Saboda haka yaro yake iya fitar da abin da za a gane a ranar farko, kuma wannan ɗanɗanon na farko shi ke hana shi jingine jitar a bayan ƙofa. Ga iyalin ɗalibi da ke lissafin kuɗin haya da na makaranta da na biza daga aljihu ɗaya, darasin da ba a biya ba ba abin rainawa ba ne. Sannan ga yarinyar da iyayenta ba za su bar ta zuwa wajen malami namiji ba, tab ya ba ta hanya a cikin ɗakinta.

Matsalar tana farawa daga lokacin da aka ɗauki taswira a matsayin tafiyar. A aikinmu na jinya, in aka kawo takardar magani da suna da adadi amma ba a rubuta sau nawa ba ko ƙarfe nawa, ba ma aiki da ita, mayar wa likita ake yi ya cike. Ƙwaya biyu sau ɗaya a rana da ƙwaya biyu duk bayan awa huɗu ba abu ɗaya ba ne, ko da lambar iri ɗaya ce. Tab na yau da kullum irin wannan takardar ce. Zai ce maka 0, 3, 5, amma ba zai ce wanne za a ja, wanne za a datse, wanne zai zo kafin bugun ganga, wanne zai ɗan makara da gangan ba. Waɗannan lambobi uku suna iya zama kiɗan biki, suna iya zama na makoki. Manhajoji irin su Songsterr da Guitar Pro sun dawo da alamun lokaci, har suna kaɗa maka ka ji, kuma wannan ci gaba ne. Amma na'ura ce take kaɗawa, kowane bugu daidai da ɗan uwansa kamar tafiyar agogo. Yaron da ya koya daga nan yakan fito da kiɗa mai tsabta wanda ba ya sa kowa gyaɗa kai.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin haka rubutunmu na boko yake. Rubuta "fara" a takarda ka miƙa wa mutum. Fara ce mai cin amfanin gona? Fara aiki ne? Ko farar riga? Haruffa huɗu ne ba su canza ba, amma karin sauti da tsawon wasali sun bambanta, kuma bokonmu ba ya rubuta ko ɗaya daga cikinsu. Haka "fari", launi ne ko rashin ruwan sama. Wanda ya tashi da harshen a kunnensa ba ya ko lura, yana karantawa yana cike giɓin da kansa. Amma ku ba yaron da aka haifa a nan littafin Hausa ya karanta a fili, ku ji yadda kalmomin za su fito a miƙe, kowace gaɓa da nauyi ɗaya, har kakarsa ta ce a waya, "Me yake cewa ne?" Bai yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Abin da takarda ba ta ɗauka ne ba shi da shi. Tab bokon jita ne. Yana yi wa wanda waƙar ke kunnensa aiki sosai, yana kuma yaudarar wanda ba ta kunnensa ya ɗauka ya iya.

Sai mu gwada shi a kan kiɗan da ya shafe mu. A ɗauki faifan Afrique Victime na Mdou Moctar, ɗan Nijar, wanda kamfanin Matador ya fitar a 2021. Waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta tana farawa a natse, sannan ta riƙa ƙara gudu a hankali, mai ganga Souleymane Ibrahim yana turawa, Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu a kan abu ɗaya ba ya saki, shi kuma Mdou yana shawagi a samansu. In aka rubuta sautukan da yake dannawa, ba su da yawa. Galibi a cikin tsani mai hawa biyar yake yawo, irin wanda kunnen ɗan Sahel ya saba da shi. Ɗan koyo zai duba lambobin ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya kaɗa su daidai, ya ji babu abin da ya fito. Daɗin yana cikin ƙaruwar gudun, da 'yan ƙananan karkarwa da yake cusawa tsakanin sauti da sauti, da yadda yake kaɗawa da yatsa maimakon ɗan robar da ake kaɗa jita da shi. Ga shi kuma bahago ne, don haka ko bidiyonsa yaro ke kallo sai ya juya hoton a kansa.

Akwai kuma tsarin bugun. Mafi yawan waƙoƙin Turawa da yaranmu ke koya a tab bugu huɗu-huɗu ne, kana iya ƙirgawa da ƙafa. Kiɗan Sahel da yawa yana tafiya ne uku a kan biyu, hannu ɗaya na raba lokaci gida biyu, ɗayan na raba shi gida uku, su haɗu su rabu su sake haɗuwa. Duk macen da ta taɓa yin lugude ta san wannan a jikinta: taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace da lokacin saukarta, ga tafi a tsakani. Ba banza ba gangar tende ta Buzaye turmi ce da aka rufe da fata. Les Filles de Illighadad, 'yan matan wani ƙauye a yankin Abalak, kiɗan tenden nan suka ɗora a kan jita. Wanda bai taɓa jin lugude ba, lamba ba za ta sa masa shi a ƙirji ba.

Marigayi Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda ya rasu a 2006, misali ne da ya fi fito da abin fili. Kafin ya taɓa jita ya iya kayan gargajiya masu tsirkiya ɗaya, na kaɗawa da na gogawa, 'yan uwan kuntiginmu da kukumarmu. Da ya ga Keïta Fodéba na Gini yana kaɗa jita a 1956, sai ya kwaso abin da ya riga ya iya ya zuba a kanta. A saurari Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994. Babban yatsa na riƙe da ƙasa, manuni na magana a sama, sau da yawa jitar tana bin muryarsa sau da ƙafa kamar ɗan amshi. Tab zai iya rubuta gurbin da ya danna. Dalilin da ya sa jimlar ta tsaya a nan ba a can ba yana cikin kalmomin Sonrai da Fulatancin da yake rerawa.

Da muka zo kan namu na Hausa kuwa, sai taswirar ta ƙare gaba ɗaya. Gurmi da garaya da molo da kuntigi duk wuyansu sanda ce sumul, babu ƙarafan da suka raba ta. Yatsa na iya tsayawa ko'ina, ya zame ya dawo. Jita ta yanka tazarar da ke tsakanin sauti da maimaicinsa na sama gida goma sha biyu daidai wa daida, makaɗin gurmi kuwa kunnensa ne ma'auninsa, kuma yakan tsaya a wurin da ya faɗa tsakanin gurbi biyu na jita. Babu lambar da za a rubuta wa wannan wurin. Dubi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015. Tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata. In da za a yi wa kuntiginsa tab, layi ɗaya ne da 'yan lambobi da ke ta maimaituwa, mai kallo ya ce babu komai a ciki. Amma da wannan tsirkiyar ya zaga duniya, domin tana bin hawa da saukar Hausar da ke bakinsa, tana jira in zai yi magana, tana ƙarasa masa in ya yi shiru. Haka gurmin Haruna Uji na Haɗeja yake tafiya da muryarsa.

Wannan ba zancen sha'awa ba ne kawai, masana sun bi shi. Marigayi Farfesa Russell Schuh na jami'ar UCLA a Amurka ya daɗe yana nazarin yadda nauyin gaɓoɓin Hausa, mai nauyi da marar nauyi, yake daidaita da bugun waƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta littattafai a kan waƙar baka da makaɗanta. Abin da mai sauraro na gari ya sani da kunnensa shi suka tabbatar: a waƙar Hausa harshe ne jagora, kayan kiɗa 'yan rakiya ne. To yaya za a koyi rakiya ba a san wanda ake raka ba?

Ko da yaro ya so nema, da wuya ya samu. Ya rubuta sunan ƙungiyoyin Malesiya irin su Search ko Wings, ko waƙoƙin P. Ramlee, zai samu an rubuta. Na Turawa ba a magana. Na Tinariwen da Bombino da Mdou Moctar ana samu jefi-jefi. Ya rubuta Shata ko Ɗan Maraya ko Ɗanƙwairo, da wuya ya ga komai. Dalili a fili yake. Kiɗan gargajiyarmu daga hannu zuwa hannu ake ɗaukarsa, na zamani kuma, na fina-finan Kano, a kan fiyano aka gina shi a situdiyo, jita ba ta samu gindin zama a ciki ba. Rumbun tab madubi ne na masu zuba masa kaya, kuma mu ba mu zuba ba. Sakamakon shi ne yaro zai shekara uku yana kaɗawa, hannunsa ya cika da waƙoƙin mutane, a ce masa ranar sallah "yi mana namu" ya tsaya yana kallon waya.

Abin sha'awa, su waɗannan gwanayen da duniya ke rububin rubuta kiɗansu ba ta takarda suka bi ba. Mdou Moctar ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa ne abin ya shiga ransa, ya je ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, alhali gidansu ba sa so. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran murya na na'ura da mawaƙan fim ɗin Hausa ke amfani da shi, kuma ta waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu a Sahel kafin Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya ji su ya nemo mai su. Bombino ya koya yana gudun hijira a Aljeriya da Libiya, yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana maimaitawa. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad da jitar yayanta ta koya wa kanta. Dukkansu sun kwaikwayi baƙi, babu wanda ya ce kwaikwayo laifi ne. Amma sun zo wa jita da kunnen da ya riga ya ƙoshi da kiɗan gida, shi ya sa abin da ya fito ya zama nasu. A Yamai ma, Tal National ta Almeida, wadda ta fitar da Kaani a 2013, tana rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a kan jitar lantarki. Wanda ke cewa Hausa ba ta hawa jita ya je ya saurare su.

Masu masaukinmu ma suna da darasi a nan. Gambus ɗin da ake kaɗawa a kiɗan zapin da ghazal na Johor wuyansa sumul ne kamar na garaya, kuma har yau ana koyar da shi gaba da gaba, har a makarantar fasaha ta ASWARA da ke cikin garin nan. Alena Murang, 'yar Sarawak da ta yi suna da sape, a gaban dattijo Mathew Ngau Jau ta zauna ta koya tun tana yarinya, a lokacin da ba a saba ganin mata da wannan kayan kiɗan ba. Mutanen nan suna da wayoyi da intanet fiye da mu, amma abin da suka ɗauka gado ne ba su bar wa manhaja shi ba. Mu ma mun san wannan ƙa'idar daga wani wuri mafi daraja. Ba ina haɗa karatu da kiɗa ba ne, Allah ya kiyaye, hanyar koyo kawai nake nufi: an rubuta a allo, amma sai malam ya biya maka ka ji daga bakinsa. A masallatan nan talaqqi suke ce masa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san rubutu tunatarwa ce.

Akwai wata magana da ta rage, kuma tamu ce mu iyaye. Batun halaccin kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kai, kowane gida da malamin da yake bi, ni ba mai fatawa ba ce. Gidan da ya hana gaba ɗaya ya tsaya a kan abu ɗaya, na fahimce shi. Wanda nake tambaya shi ne gidan da ya sayi jita da murna, ana ɗaukar yaro bidiyo ana tura wa dangi, amma da zai ce gurmi yake so sai a ce "Mu ba maroƙa ba ne." Tsirkiya ce a nan, tsirkiya ce a can. Bambancin kawai ita jita ta zo da manhaja da lambobi da Turanci, ta yi kama da darasin makaranta, sai ta wanku daga sunan roƙo. Tab ya taimaka wajen wannan wankin. Yaro kuwa yana lura. Abin da yake koya daga wurinmu shi ne kiɗan wasu ilimi ne, namu abin kunya. In ya girma ya ɗauki harshen ma haka, kada mu ce ba mu san inda ya samo ba.

To me za a yi? Ba na cewa a ƙwace waya. Tsari kawai za a juya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fagen ji ne gaba. Kafin yaro ya buɗe tab na kowace waƙa, ya saurare ta har ya iya rera ta da baki yana tafa bugunta. In bai iya tafawa ba, bai isa dannawa ba. Bayan nan ya nemi sautukan farko da kansa, ko da zai ɓata rabin awa, sannan ya buɗe tab ya duba inda ya dace da inda ya kauce. Wani lokacin ma zai tarar mai rubutun ne ya kauce, kuma ranar da ya gano haka ya fara zama makaɗi. YouTube na da wurin rage gudun bidiyo, ya rage ya kalli hannun dama na mai kaɗawa, domin tab kusan duk labarin hannun hagu yake bayarwa.

Ga wani wasa da za a iya yi a falo, ko uwa ba ta san komai a jita ba. A ɗauki tsirkiya ɗaya tak, kamar kuntigi. A kaɗa 0, 3, 5, 7, 10, sannan 12 ta dawo da kai sautin farko a sama. Wannan tsani ne mai hawa biyar. Sai uwa ta faɗi magana a hankali, misali "sannu da zuwa", yaro ya saurari muryarta: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ya nemo wannan hawa da saukar a tsirkiyar. In kunnensa na da kyau zai lura saman na biyu bai kai na farko tsawo ba, domin haka Hausa take gangarowa a cikin jimla. Zai kuma ji "san" da "wa" sun fi "nu" da "da" da "zu" tsawo. A gwada da sunan kakarsa, da sunan garinsu, da kirarin gidansu in akwai. A nan uwa ce malama, domin abin da ake nema a bakinta yake, babu shi a kowane rumbu. Kuma in ya samo, ya rubuta shi a tab da hannunsa, ya haɗa da sautin da ya ɗauka a waya, ya tura wa 'yan uwansa a Jidda ko Landan. Ta haka namu zai fara shiga taswirar.

Kalma ɗaya a kan jiki, tun da sana'ata ce. Zafin kan yatsu a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, fata ce take yin kanta, kuma tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi ga ƙaramin yaro. Ciwon wuyan hannu, ko jin yatsu sun mutu ko suna tsira kamar allura, wannan daban ne: a ajiye jita a huta, in ya ci gaba a ga likita. Mai bin tab yakan dunƙule a kan waya, wuya a karye, ya matse jita da ƙarfin da ya wuce kima saboda hankalinsa na kan lamba. A ɗaga wayar daidai ido, a yi zama gajere-gajere. A kuma goge tsirkiya da ƙyalle bayan an gama, domin damshin garin nan da gumi suna sa ta tsatsa da wuri.

Hukuncina dai shi ne tab bawa ne nagari, a riƙe shi a matsayinsa. Yana tuna wa hannu abin da kunne ya riga ya sani, yana kuma rage wa ɗan koyo wahalar laluben wuri. Kunnen kuwa a gida ake gina shi, da abin da ake kunnawa a mota a hanyar makaranta, da abin da uwa ke rerawa tana girki, da harshen da ake yi wa yaro faɗa da lallashi da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da yaro ke zaune a gabanmu kafin jami'a ta ɗauke shi ba su da yawa. Allah ya raya mana su, ya sa su san inda suka fito.